Girbin gansakuka da wutar lantarki

Idan damina ta wuce, ruwa ya kwanta cikin tabkuna da kududdufai, ba a daɗewa sai a ga ya sake launi. Ya koma tsanwa shar. Wani lokaci har wani abu mai yauƙi yakan taru a bakin ruwa. Wannan abu shi muke kira gansakuka. A wurinmu ƙazanta ce, mai zuwa ɗibar ruwa sai ya kore ta da ƙwarya kafin ya cika tulunsa. Amma akwai ƙasashen da ake noman ta da gangan, ana girbe ta, ana sayarwa. A cikin wannan darasi za mu ga ko mece ce ita, da abin da ya sa girbinta yake da wuya, da yadda masana suke sa wutar lantarki ta raba ta da ruwa.

Mece ce gansakuka?

Gansakuka iri-iri ce. Akwai mai tsawo kamar zare wadda ido yake gani. Akwai kuma ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya ganin ƙwaya guda tasu, sai an sa madubin likita. Su ne suke rina ruwa ya zama tsanwa. A kansu za mu yi magana.

Ba su da saiwa, ba su da kara, ba su da ganye. Duk da haka rayuwarsu irin ta tsiro ce. Suna bukatar hasken rana, da ruwa, da ɗan taki, da iskar nan da muke fitarwa idan mun yi numfashi. Su kuma sai su sako iskar oksijin, wadda mutum da dabba suke shaƙa su rayu. Masana sun ce wajen rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga irin waɗannan ƙananan halittu na cikin teku yake fitowa. Su ne kuma abincin farko na cikin ruwa: ƙwari su ci su, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, manya su ci ƙanana.

Suna da saurin yaɗuwa. Ƙwaya ɗaya takan rabu ta ba da wasu. Idan rana da taki sun wadata, wasu irin sukan ninka yawansu cikin kwana guda. Gero sai ya yi wajen wata 3 kafin a girbe shi. Ita gansakuka ana iya ɗibar ta kullum.

Wata daga cikinsu sunanta kulorela. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Beijerinck shi ya bayyana ta a shekarar 1890. Don ku gane ƙanƙantarta, ku dubi abin awo na ƴan lakwal. Kowane santimita an raba shi gida 10, kowane gida shi ne milimita. To, sai an jera ƙwayar kulorela wajen 200 kafin su cika milimita ɗaya.

Me ake yi da ita?

Amfani na farko shi ne abinci. Maƙwabtanmu na ƙasar Cadi sun daɗe da sanin wannan. A yankin Kanem, kusa da tabkin Cadi, akwai ƙananan tabkuna masu ruwan kanwa. A cikinsu wata irin gansakuka take fitowa, wadda Kanembu suke kira dihe, masana kuma suna ce mata sipirulin. Mata ne suke aikinta. Sukan ɗebo ruwan mai kauri, su zuba cikin ramuka masu faɗi da suka yi a rairayi. Rairayi ya shanye ruwa, rana ta busar da saura. Sai su yanka shi gunduwa-gunduwa su kai kasuwa. Da shi ake miyar da ake cin tuwon gero.

A shekarar 1940 wani masani Bafaranshe mai suna Dangeard ya yi rubutu a kan dihe. A 1964 wani ɗan Beljik, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar birnin da yanzu ake kira Injamena. Da aka auna ta, sai aka tarar fiye da rabin nauyin busasshiyar sipirulin abinci ne mai gina jiki, irin wanda muke nema wurin nama da wake. Daga nan labarinta ya watsu. Mutanen Meziko na dā su ma suna cin ta, suna ɗibar ta daga tabkin Teskoko, shekaru wajen 500 da suka wuce. A ƙasashenmu an gina ƙananan gonakinta, kamar na Kudugu a Burkina Faso, don taimakon yara masu tamowa.

Ita kulorela, a ƙasar Japan aka fara noman ta don sayarwa, wajen 1960. A Ostiraliya akwai manyan tabkuna masu gishiri inda ake noman wata iri mai launin ja, ana cire wani sinadari irin wanda yake cikin karas. Masu ƙyanƙyasar kifi suna ciyar da ƙananan halittun ruwa da gansakuka. Ana kuma sa ta aikin gyaran ruwan ƙazanta na birane, gama tana shanye takin da yake ciki. Wani masani mai suna Oswald ya soma wannan aiki a Kalifoniya, ƙasar Amurka, tun shekarun 1950.

Wasu irin suna tara mai a jikinsu. Shi ya sa aka yi tunanin a yi man mota da su. Gwamnatin Amurka ta yi bincike a kan haka daga 1978 zuwa 1996. Man yana fitowa, mota kuma tana tafiya da shi. Sai dai tsadarsa ta fi ta man da ake haƙowa. Ɗaya daga cikin dalilan tsadar shi ne wahalar girbi.

Me ya sa girbinta yake da wuya?

Dalili na farko: ruwan ya yi yawa, amfanin ya yi kaɗan. Ko da kun ga kwamin noman gansakuka ya yi tsanwa ƙwarai, litir ɗaya bai fi ya ba da rabin giram na busasshiya ba. Mu yi lissafi. Bido mai cin litir 20 zai ba da giram 10, wato nauyin ƙwayar sukari 2. Wanda yake son kilo ɗaya, sai ya tace bido 100. Kun ga aiki ja.

Dalili na biyu: ƙanƙanta. Matan Kanem sun yi sa'a, gama sipirulin doguwa ce, a murɗe take, tana harɗewa da ƴan uwanta, tana kuma tasowa bisa ruwa. Ƙyalle mai ƙananan idanu yana tare ta. Kulorela kuwa wucewa take yi ta cikin ƙyalle, kamar yadda ruwa yake wuce rariya. Idan an sami matata mai ƙananan idanu ƙwarai, nan da nan sai ta toshe.

Dalili na uku: ba ta kwantawa. Idan kun dama ƙullu kun ajiye, gari yakan kwanta ƙasa, ruwa ya tashi sama. Ita nauyinta kusan ɗaya yake da na ruwa. Ana iya jiran kwana da kwanaki, ruwan yana nan tsanwa.

Akwai injin da yake juya ruwa da gudun gaske, har ƙwayoyin su manne a gefe. Yana aiki sosai, manyan ma'aikatu da shi suke girbi. Amma yana da tsada, yana kuma cin wuta da yawa. Masana sun ƙiyasta cewa girbi kaɗai yakan ci kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kuɗin noman gansakuka. Wanda zai sayar da ita a matsayin magani ko abinci mai tsada zai iya ɗaukar wannan. Wanda yake son abincin kifi ko mai, ba zai fita ba.

Sirrin da yake jikin ƙwayoyin

Ku ɗauki pil na rediyo ko na cocila ku duba. A kai ɗaya akwai alamar ƙari (+). A ɗaya kan akwai alamar ragi (−). Wutar lantarki iri biyu ke nan. Ƙa'idarsu ita ce: ƙari da ragi suna jan juna. Ragi da ragi suna ture juna. Ƙari da ƙari su ma haka.

Ba cikin pil kaɗai wannan wuta take ba. Lokacin hunturu, ku goga biro a gashin kai, ku kusantar da shi ga ƴan guntayen takarda. Za ku ga sun yi tsalle sun manne masa. Ita ce kuma take ƙyasƙyas cikin bargo da dare.

To, kowace ƙwayar gansakuka tana ɗauke da ƴar wutar ragi a bayan jikinta. Tun da dukansu ragi ne, da zarar biyu sun kusanci juna sai su ture juna. Shi ya sa ba su haɗuwa su yi dunƙule. Kowace tana yawo ita kaɗai, ba ta da nauyin da za ta nutse. Laka mai laushi da take sa ruwan gulbi ya yi ja ita ma haka take.

Maganin abin a fili yake: a kawo wani abu mai ƙari ya kashe ragin. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Idan mace ta sa ɗan alif cikin randar ruwa mai gurɓata, sai laka ta dunƙule ta kwanta. Alif yana sakin ƙananan ƙwayoyin alminiyom masu ƙari, su ne suke wannan aiki. Dakakken ƙwallon zogale ma yana yin haka, matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna gyara ruwan Nilu da shi. Manyan ma'aikatun gyaran ruwan fanfo su ma da ɗan uwan alif suke kwantar da laka. Mai yin awara ta san abin da ya yi kama da wannan: madarar waken soya tana nan tsululu, da ta zuba ruwan tsami sai ta tsinke, ta dunƙule, ruwa ya ware gefe.

Ana iya girbin gansakuka da alif. Amma sai an saye shi buhu-buhu, an yi dakonsa, kuma yana barin gishirinsa cikin ruwa. Nan ne wutar lantarki ta shigo.

Yadda ake girbi da wuta

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar mazubi wanda ba na ƙarfe ba. Ana bukatar faranti 2 na alminiyom, wato ƙarfen nan mara nauyi da maƙera suke zuba tukwane da shi. Ana tsayar da su cikin ruwan, suna kallon juna, da ƴar tazara tsakaninsu, ba su taɓa juna ba. Ɗaya a haɗa shi da ƙari, ɗaya da ragi. Wutar da ake sawa irin ta batir ce, mai tafiya hanya guda, kuma mara ƙarfi.

Da an kunna, abu 4 suke faruwa, ɗaya bayan ɗaya.

1. Farantin ƙari ya soma narkewa a hankali. Ba narkewar zafi ba ce. Wuta ce take ɓantarar ƙananan ƙwayoyin alminiyom masu ƙari tana sakin su cikin ruwa. Wato abin da alif yake bayarwa, ga shi faranti yana bayarwa kai tsaye.

2. A jikin farantin ragi, wuta tana fasa ruwa. Ruwa haɗin iska 2 ne, haidurojin da oksijin. Sai a ga ƙananan kumfa na haidurojin suna fitowa, kamar na tukunyar da ta kusa tafasa. Amma ruwan bai yi zafin tafasa ba.

3. Ƙwayoyin alminiyom su kashe ragin da yake jikin gansakuka. Ture juna ya ƙare. Su kuma haɗu da ruwa su zama wani farin abu mai danƙo, kamar kaɗaɗɗiyar auduga. Shi yake tattaro ƙwayoyin dubu-dubu su zama dunƙule wanda ido yake gani.

4. Ƙananan kumfan nan su maƙale a jikin dunƙulen, su ɗaga shi sama, kamar yadda gora take ɗaukar mai ƙetare gulbi.

Kafin awa guda, sau da yawa ma ƙasa da haka, sai a ga tsanwan abu mai kauri ya taru a bisa, ruwan ƙasa ya yi garau. Sai a kwashe na saman, kamar yadda ake kwashe man shanu bayan an kaɗa nono. A gwaje-gwaje da yawa an kama fiye da kashi 90 cikin 100 na gansakukar da take cikin ruwa.

Abin da aka kwasa har yanzu jiƙaƙƙe ne. Sai an matse shi, an shanya. Amma mafi yawan ruwan ya riga ya fita. Ko da za a kai shi injin juyawa, ɗan kaɗan ne zai shiga, ba bido 100 ba.

Akwai wata hanya ta biyu. Maimakon alminiyom, sai a sa farantin da ba ya narkewa, kamar na baƙin abin nan mai kama da gawayi da yake tsakiyar pil. A nan ba a sakin ƙarfe cikin ruwa. Tun da ƙwayoyin gansakuka ragi ne, farantin ƙari yana jan su. Idan sun iso sai ragin jikinsu ya mutu, su manne da juna, kumfa ta ɗaga su. Masana na birnin Durban a Afirka ta Kudu sun gwada wannan hanya, sun bayyana sakamakonta a 2014. Amfanin da ake samu ya fi tsabta.

Dabarar tsohuwa ce

A shekarar 1800 wani Ba'italiye mai suna Volta ya ƙera batir na farko. A cikin wannan shekara wasu mutum 2 a Ingila, Nicholson da Carlisle, suka sa wayoyinsa cikin ruwa, suka ga kumfa tana fita. Bayan shekara 30 da ƴan kai, Michael Faraday ya gano ƙa'idar lissafin abin: yawan ƙarfen da yake narkewa daidai yake da yawan wutar da ta wuce. A 1889 aka gwada gyaran ruwan ƙazanta da wuta a Ingila. A lokacin wuta tana da tsada, sai aka fi son zuba magani. Daga baya aka dawo ga dabarar, ana gyara ruwan da ma'aikatun rini da na jima suke zubarwa. Da noman gansakuka ya bunƙasa, sai masu shi suka aro ta.

Ƙa'idar Faraday tana da amfani ga mai lissafin kuɗi. Yawan wutar da take gudu cikin waya, da amfa ake auna shi. Amfa 1 cikin awa 1 tana cin kashi ɗaya cikin uku na giram na alminiyom. Idan farantin baƙin ƙarfe ne, tana cin giram 1 da ɗan ɗoriya. Misali, amfa 30 cikin awa 10 za ta cinye giram 100 na alminiyom. Saboda haka tun kafin a fara, an san ranar da faranti zai ƙare.

A 2011 masana na jami'ar Luban a ƙasar Beljik suka auna wutar da aikin yake ci. Ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne wanda kamfanin wuta yake lissafin kuɗi da shi: wutar da ƙwan lantarki 10 masu wat 100 suke sha cikin awa guda, ita ce ma'auni 1. Sun tarar girbin kilo ɗaya na kulorela daga ruwan daɗi yana cin wajen ma'auni 2. Wata iri ta ruwan teku kuwa, ƙasa da rabin ma'auni ta ci. Dalili shi ne ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi barin wuta ta wuce. Sun kuma tarar alminiyom ya fi baƙin ƙarfe yin aikin.

Wani abin lura shi ne farantin hasken rana yana ba da irin wutar da wannan aiki yake so, mai tafiya hanya guda. Ga ƙasa mai yawan rana da zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da ita kanta gansakukar rana take so.

Inda matsala take

Kowane allazi da nasa amanu. Wannan dabara ma tana da nata.

Babbar matsala ita ce ƙarfen da ya narke. Bai tafi ko'ina ba. Yana cikin amfanin da aka kwasa, saura kuma yana cikin ruwa. Idan mai za a yi, da sauƙi. Idan abincin mutum ne ko na dabba, dole a auna a gani. Alminiyom mai yawa yana cutarwa, musamman ga mai ciwon ƙoda. Baƙin ƙarfe kuma yana ɓata launin amfanin, ya koma ruwan tsatsa.

Ta biyu, faranti yana ƙarewa, sai an sayi wani. Kuma wani farin ɓawo yakan rufe shi, irin wanda yake taruwa cikin butar dafa ruwa. Idan ya rufe, wuta ba ta wucewa sosai. Maganinsa shi ne a riƙa goge shi, ko a riƙa juya wayoyin lokaci-lokaci, na ƙari ya koma ragi, na ragi ya koma ƙari.

Ta uku, idan an ƙara wuta don a yi sauri, kuɗi suna ƙaruwa, ruwa yana ɗumi, ƙwayoyin suna iya fashewa. A ruwan gishiri kuma, musamman da farantin da ba ya narkewa, wuta takan fitar da kulorin, mai warin jabel. Yana kashe gansakuka, yana kuma kore launinta. Mai son ya mai da ruwan cikin kwami don wani noman, dole ya kula da wannan.

Ta huɗu, abin da ya yi kyau cikin kwalba ba lalle ya yi kyau cikin babban kwami ba. Mafi yawan gwaje-gwajen da aka yi, a ɗakin bincike ne ko a ƙananan gonakin gwaji. Manyan ma'aikatu sun fi dogara ga injin juyawa da matata.

Ba kowace ake ci ba

Ƴan uwa masu karatu, a nan sai mu natsu. Kada wani ya ji an ce mutanen Kanem suna cin gansakuka, ya je tabkin garinsu ya ɗebo. Ruwan kanwa mai ƙarfi shi yake hana mafi yawan sauran irin rayuwa tare da dihe. Tabkin ruwan daɗi ba haka yake ba. Iri da yawa suke haɗuwa a ciki, wasu kuma suna da dafi mai lalata hanta. Ido ba ya bambanta mai dafi da mara dafi. Tafasa ruwa ba ya kashe wannan dafi.

A 1996, a garin Karuwaru na ƙasar Burazil, an yi wa masu ciwon ƙoda wankin jini da ruwan da wannan dafi ya shiga. Fiye da mutum 50 suka rasu. A 2014, a birnin Toledo na Amurka, an hana mutum wajen 400.000 shan ruwan fanfo har kwana 3 saboda shi. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ce dafin gansakuka ne a wuraren shan ruwansu.

Abin da yake sa ta yi yawa fiye da kima shi ne taki. Kashin dabbobi, da bayan gida, da takin zamani da ruwan sama yake kwasowa daga gonaki, da ruwan wanki, duk abincinta ne. Idan zafi ya zo, ruwa ya ja baya, sai ta rufe tabki. Idan ta mutu ta ruɓe, sai iskar ruwan ta ƙare, kifaye su mutu. Don haka cire gansakuka ba aikin masu noman ta kaɗai ba ne. Masu gyaran ruwan sha su ma suna gwada wannan dabara ta wuta. Amma cire ƙwayoyin bai isa ba. Idan sun fashe, dafin ya riga ya shiga ruwa, sai an bi shi da wani gyaran.

Ga abin da ya kamata kowa ya kiyaye:

Idan ruwa ya yi tsanwa mai kauri kamar an zuba fenti, ko yana wari, kada a sha, kada a dafa abinci da shi, kada yara su yi wanka a ciki.

Kada a shayar da dabbobi a gefen da iska ta tara gansakuka. A kai su rijiya idan da hali.

Idan dabbobi ko kifaye suka mutu bakin tabki, a gaya wa mai gari da ma'aikatan kiwo ko na kiwon lafiya, kada a ci naman.

Kada a yi bayan gida ko a tara taki kusa da ruwan da jama'a suke sha.

Kada kowa ya gwada sa wayar wutar gida cikin ruwa. Wutar gida mai ƙarfin bolt 220 ce, tana kashe mutum nan take. Ko da batir ne, iskar haidurojin tana kamawa da wuta, kulorin kuma yana ƙona ƙirji. Ruwan da ya yi garau bayan an sa masa wuta bai zama ruwan sha ba. Wannan aiki na waɗanda suka koya ne, masu kayan awo.

A taƙaice

Ƙananan gansakuka suna da amfani: abinci, da abincin kifi, da mai, da gyaran ruwa. Girbinsu yana da wuya don sun yi ƙanana, suna warwatse cikin ruwa mai yawa, kuma ragin jikinsu yana hana su haɗuwa. Wutar lantarki tana kashe ragin, ta dunƙule su, kumfa ta ɗaga su sama a kwashe. Hanyar tana iya rage kuɗin wuta, amma tana barin ƙarfe cikin amfanin idan an yi da farantin da yake narkewa. Masana suna ci gaba da neman farantin da zai daɗe, mai araha, wanda ba ya ɓata abinci.

Tambayoyi

1. Wane suna Kanembu suke kiran sipirulin, kuma yaya suke shanya ta?
2. Bido 1 mai litir 20 yana ba da giram 10. Bido nawa za a tace a sami kilo 3?
3. Me yake hana ƙwayoyin gansakuka haɗuwa da juna?
4. Mene ne aikin farantin ƙari? Mene ne aikin kumfa?
5. A garinku, da me ake kwantar da ruwa mai laka?
6. Akwai tabkin da yake yin tsanwa kusa da ku? Ku tattauna abin da yake shiga cikinsa, da abin da jama'a za su iya yi a kai.